Wa ke riƙe da dajin da muke hawa tudu mu kalla?

A da, in an sauko daga idi a unguwannin Accra irin su Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, hanyar matasa ɗaya ce: a yi hayar bas, a ɗora lasifika, a nufi bakin teku. Yanzu abin ya fara sauyawa. Ƙungiyoyin matasa, ɗaliban makarantun Islamiyya da masu motsa jiki na ranar Asabar suna haɗa kuɗi su nufi tudu. Wasu su taka da ƙafa daga Ayi Mensah zuwa Peduase tun da asuba, wasu su je Shai Hills, masu ƙarfin hali su wuce har magangarar ruwan Wli ko tsaunin Afadjato. Ƙorafin da ake dawowa da shi a mota kuwa kusan iri ɗaya ne: "An karɓi kuɗinmu a ƙofa, an haɗa mu da ɗan jagora, mun sha rana, ba mu ga komai ba sai birai." Dattawa kuma tasu tambayar gajeriya ce: "Kai yaro, me ka ajiye a kan dutse?"

Duka biyun maganganu ne na hankali, kuma ba a amsa su sai an san yadda wuraren nan suke, wane ne ke tsaronsu, wane ne ke ɗaukar asararsu.

Ghana ba ƙasar manyan tsaunuka ba ce. Jeri biyu ne masu muhimmanci a kudu. Na farko ya faro daga bayan Accra, inda Aburi take da lambunta na itatuwa da aka buɗe a 1890, ya miƙe arewa maso gabas, kogin Volta ya ratsa shi a Akosombo, ya bi iyakar Togo ta Amedzofe da Afadjato da Wli har Kyabobo kusa da Nkwanta. Na biyu shi ne tudun Kwahu, wannan katangar dutse da matafiyi zuwa Kumasi yake gani ta tsaya a kan Nkawkaw, da tsaunin Atewa a kudu da shi, wajen Kyebi. Afadjato, wanda littattafan makaranta suka koya mana cewa tsayinsa mita 885 ne, ba wani abin tsoro ba ne in an kwatanta da tsaunukan gabashin Afirka. Amfanin tuddan nan yana wani wuri dabam. Iskar da ke tasowa daga teku ɗauke da danshi, in ta ci karo da tudu sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Gangaren kuma yana da wuyar noma, motar katako ba ta shiga ko'ina. Saboda haka da aka sare dazuzzukan ƙasa aka mai da su gonakin koko da rogo da garuruwa, abin da ya rage na kurmi da namun daji sai ya tattara a kan tudu da cikin kwazazzabai.

To me ya sa in an je ba a ganinsu? Hoton da ke kanmu na garken jakin dawa da raƙumin dawa a fili daga talabijin muka samo shi, kuma filayen ciyawa na Kenya da Tanzaniya ne. Kurmi ba haka yake ba. Mazaunansa ƙanana ne, gada da mazo da birai da tsuntsaye, da yawansu da dare suke fita, wasu kuma ba sa saukowa daga ƙololuwar itace. A gandun dajin Kakum akwai giwayen kurmi, amma mutum zai yi ta zuwa bai taɓa haɗa ido da ko ɗaya ba. Mai son ganin giwa ido da ido, gandun dajin Mole zai je a arewa, da rani, lokacin da ƙishirwa ke tara su a bakin tafki. Sannan ga lokaci. Dabba tana kiwo ne da sanyin safiya da kuma gab da magariba. Mu kuwa motarmu da aka ce za ta tashi bayan sallar asuba ba ta barin unguwa sai hantsi, ana jiran wane da wance, a isa da azahar, mutum hamsin suna hira da ƙarfi, waya tana kiɗa. Dabbar da ta rage a dajin da aka yi shekaru ana farauta, ta rage ne don ta iya gudun mutum. Tun daga nesa take jin mu.

Shai Hills ne wurin da mutumin Accra ya fi samun biyan bukata, domin fili ne na ciyawa da duwatsu, faɗinsa murabba'in kilomita 51, a kan hanyar Akosombo, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba in hanya ta yi kyau. Tun kafin ka shiga ƙofa gwaggon birai suna bakin titi. Na tsaya na kalli wata uwa da ɗanta manne a cikinta, ta zauna a gefen kwalta tana bin hannun kowane fasinja da ido. Ba fuska take kallo ba, leda take kallo. Wata Hajiya a cikinmu ta buɗe jakarta za ta ba jikanta burodi, kafin ta ankara wani ƙato ya fizge ledar ya haye bishiya, ya yage ta da haƙori, ya ci burodin ya saki ledar ta faɗo. Yara suka yi ta ihu da dariya, amma ma'aikacin wurin bai yi dariya ba. Birin da ya saba da abincin hannu yana daina tsoron mutum, ya fara ƙwace, ya fara cizo, ya zauna a titi har mota ta buge shi. Mu muka koya masa.

Wurin nan yana da tarihin da ya kamata ɗan zango ya sani. A da mutanen Shai a kan duwatsun nan suke zaune, har yau akwai kogunan dutse da ragowar tukwane da duwatsun niƙa. A 1892 Turawan Ingila suka kore su daga kai, a shekarar da aka saukar da mutanen Krobo daga nasu dutsen. Rundunar da Turawan mulkin mallaka suke aiki da ita a wancan zamani ita ce wadda ake kira ta Hausawa, ko da yake ba duka Hausawa ne a cikinta ba. Zuriyar waɗanda aka kora har gobe suna hawa duwatsun a lokacin bukukuwansu na shekara. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki gawayi ya rubuta sunansa a bangon kogo ba.

Daga nan ake shiga ainihin maganar, wato riƙon daji. Wasu wuraren gwamnati ce ke riƙe da su ta hannun sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji: Mole, Kakum, Kyabobo, Shai Hills. Akwai masu gadi da albashi da bindiga da doka. Wasu wuraren kuwa ba bindiga ce ta tsare su ba, al'adar mutanen gari ce. A Tafi Atome, kusa da hanyar Hohoe, mutanen garin sun ɗauki ƙananan biran kurminsu a matsayin masu alfarma, kakanni suka hana a taɓa su. Da sabon addini ya shigo, tsoron al'adar ya ragu, aka fara sare kurmin ana kashe biran. A 1993 aka kafa wurin a matsayin mafakar birai da garin ke gudanarwa, baƙi su biya, kuɗin ya shiga aikin gari. A Boabeng da Fiema kusa da Nkoranza ma haka ne, har da maƙabarta ta birai, kuma tun a shekarun 1970 aka mara wa al'adar baya da dokar ƙaramar hukuma. Hukuma ta ɗauki wannan darasi ta fito da tsarin da ake kira CREMA, inda ake miƙa wa ƙauyuka ikon kula da namun dajin ƙasarsu su kuma ci moriyarsu.

Abin da baƙo ba ya gani a yini ɗaya shi ne asarar da ke cikin wannan riƙo. Birin da ya hau kafaɗarka ya ɓare ayaba daga hannunka aka ɗauke ku hoto, shi ne gobe zai shiga gonar masarar wani ya karya zangarniya, ko ya kutsa madafa ya kwashe abin da aka ajiye wa yara. Manoman da ke kewaye da Kakum giwa tana iya shafe musu gonar rogo da ayaba a dare ɗaya, har suka koma ɗaura tsumma mai barkono da baƙin mai a kan igiya don su kore ta. An hana mutumin nan ya harba, an hana shi ya kafa tarko, an hana shi ya faɗaɗa gona zuwa cikin kurmi. Me aka ba shi a madadi? Kuɗin ƙofar nan da muke ciniki a kai, da ladan ɗan jagora, da ayaba da ruwa da abincin da za mu saya a garin. In mun zo da kulolin wake da shinkafa daga gida, muka matsa aka rage mana kuɗin shiga, muka ce ba ma bukatar jagora, muka tafi muka bar leda, to garin bai samu komai daga gare mu ba sai shara. Ranar da matasansu suka yi lissafi suka ga gawayi da katako da naman biri sun fi baƙi kawo kuɗi, kurmin ya tafi. Ni a ganina ciniki a ƙofar irin waɗannan wurare bai dace da mu ba, mu da muka san darajar guminmu a kasuwa. Abin da ya dace shi ne a karɓi rasit, domin rasit ne ke sa kuɗin ya isa asusun gari maimakon aljihun mutum ɗaya. Rigimar rabon kuɗin ƙofa tsakanin sarakuna da kwamiti da majalisar gunduma ta sha raba kan ƙauyuka, kuma baƙon da ya yarda a yi masa rangwame a bayan fage yana ƙara mata wuta.

Bikin Ista na Kwahu wani nau'i ne dabam. Tun 2005 ake tashi da lema daga kan Odweanoma kusa da Atibie a sauka a Nkawkaw, jama'a su cika garuruwan tudun na 'yan kwanaki, masu tsire da masu shayi namu su yi ciniki. Wannan taron shaƙatawa ne, kuɗi yana shiga, amma ba shi ne ke tsare kurmi ba.

Akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a cikinmu, gara a fito da ita. Wasu suna cewa, "Malam, ya halatta mu je kallon biran da ake dangantawa da tsafi?" Hukunci na malamai ne, kuma kowa ya tambayi nasa. Abin da na fahimta shi ne kallon halitta dabam, shiga hidimar bauta dabam. Ba wanda ke tilasta wa baƙo ya zuba giya a ƙasa ko ya durƙusa wa wani abu. Abin da ake nema gare shi kada ya cutar da dabba, kada ya shiga inda aka ce ba a shiga. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne irinmu. Kakanninmu fataken goro sun ratsa ƙasashen mutanen nan shekaru aru-aru, daga Salaga zuwa kurmin Asante, suna sallarsu suna kiyaye dokar masu masauki, shi ya sa aka ba su filin zango.

Inda addini ya fi shafar tafiyar nan kai tsaye shi ne a hanyar dawowa. A gefen titin Kumasi da na Volta za ka ga samari sun ɗaga gyazbi ta wutsiya, wanda mutanen nan ke kira akrantie, ko gada, ko nama ƙyafaffe da ba ka san ko na mene ne ba. Doka ta hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, saboda lokacin ne yawancin dabbobi ke da ciki ko goyo. Gyazbi kaɗai aka ware, shi ma da lasisi. Wanda ya sayi gada a Oktoba ya taya karya doka, wataƙila kuma ya bar ɗa maraya a daji. Sannan yaya aka kama naman? Da yawa tarkon waya ne ya shaƙe shi ya kwana a mace, abin da aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta ambata ƙarara cikin haramtattu. Wasu mafarautan ma guba suke sawa. Ga kuma cuta: a 2022 aka tabbatar da cutar Marburg a yankin Ashanti, kuma jemagu na cikin dabbobin da ke ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyin cuta, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke gargaɗi a kan taɓa su da cin su.

Jemagun kansu ba abokan gaba ba ne. A Wli, bayan tafiyar kusan minti 45 a cikin inuwa ana tsallake rafi ɗaya a kan ƙananan gadoji, sai ka ji ƙarar ruwa ta rufe muryar na kusa da kai, iska mai sanyi ta jiƙa maka riga tun ba ka ƙarasa ba. Ka ɗaga kai, bangon dutsen da ka ɗauka busasshen ganye ne ya lulluɓe shi sai ka ga yana motsi: dubban jemagu ne a rataye. Irinsu ne waɗanda ke kan itatuwan asibitin sojoji na 37 a nan Accra, masu rufe sama da magariba. Masu bincike sun ɗaura wa na Accra na'ura sun ga suna tafiyar kilomita gommai a dare ɗaya neman 'ya'yan itace, suna kashin irin a hanya. Itatuwa da yawa da ke tsirowa a inda aka sare, su suka shuka su.

Batun haɗari kuwa, kada a ɗauke shi da wasa. A Maris na 2017 guguwa ta kayar da itace a kan masu wanka a magangarar ruwan Kintampo, mutum kusan ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare daga Wenchi da suka je yawon makaranta. Lokacin shigowar damina ne, sa'ad da iska ke tasowa ba sallama. A kudu damina biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A cikinsu ruwa ya fi kyan gani, amma hanya tana da santsi, rafi yana cika cikin mintuna ko da ba a yi ruwa a inda kake tsaye ba. Da hunturu ƙasa a bushe take, hawa ya fi sauƙi, sai dai hazo ya rufe nesa, ruwan wasu wurare kamar Boti ya janye sosai. In ɗan jagora ya ce a fito daga ruwa, a fito. Hawan Afadjato daga Liati Wote awa ɗaya ne ko ƙasa da haka ga mai ƙarfi, amma a miƙe yake, wani wurin sai da hannu. Silifas da doguwar riga mai jan ƙasa ba kayansa ba ne, kuma mai hawan jini ko ciwon suga ya faɗa wa shugaban tafiya tun a gida. Mai shirya wa yaran makaranta tafiya ya ƙirga su a kowane zango, ya san asibiti mafi kusa kafin mota ta tashi.

Tambayar dattawa ta fi ta matasa nauyi, domin ko ba mu taɓa hawa ba, hannunmu yana cikin tuddan nan. Buhunan gawayin da ake saukewa a unguwanninmu daga itatuwan wani wuri suka fito, da yawa daga filayen Afram da ke bayan Kwahu. Shanun da ake kaiwa kasuwar Tulaku a Ashaiman, wasunsu a can suka yi kiwo, inda rikicin manoma da makiyaya a Kwahu da Agogo ya ci rayuka daga ɓangarorin biyu. Wutar daji ta rani, wadda mafarauci da manomi da makiyayi kowa ke ɗora wa ɗan'uwansa, waɗanda suka ga 1983 sun san abin da ta yi wa gonakin koko da abinci, sun san yunwar da ta biyo baya.

Sai ruwa. Dajin Atewa, wanda aka keɓe tun 1926, faɗinsa ya haura hekta 23,000, kuma daga cikinsa koguna uku suka fito: Birim, Ayensu da Densu. Densu shi ne ke cika madatsar Weija, wadda ke ba yammacin Accra ruwa, ɓangaren da Sukura da Fadama da Darkuman suke, har zuwa Kasoa. Ana ƙiyasta mutum miliyan biyar ne ke dogaro da kogunan nan uku. Kurmin kan tudu randa ce, yana tara ruwan damina a cikin ƙasa da saiwoyi ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har rani. In aka sare shi, ruwan zai gangaro gaba ɗaya da laka, a yi ambaliya a damina, a yi ƙamfa da rani. Masu galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, sun riga sun mai da Birim ruwan ƙasa, kamfanin ruwa yana kashe kuɗi mai yawa a kan alam kafin ya tace, wani lokaci ma a rufe injin tacewa dungurungum. Ƙarshen wannan lissafi shi ne layin jarkokin ɗibar ruwa da ake kira galan ɗin Kufuor a bakin famfo da tsadar ruwan leda.

A ƙarƙashin dajin kuma akwai boksait, ma'adinin da ake yin alminiyom da shi. A 2018 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan biyu da kamfanin Sinohydro na Sin, a gina hanyoyi da gadoji a biya da kuɗin ma'adinin, Atewa kuma tana cikin wuraren da aka sa wa ido. Masu goyon baya suna da hujjarsu, matasan Kyebi da kewaye suna bukatar aiki, ƙasa tana bukatar hanya. Matsalar ita ce boksait a saman tudu yake kwance, ba a haƙo shi sai an kwashe itatuwa da ƙasar sama baki ɗaya, wato ainihin abin da ke riƙe ruwan. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai gwamnati kotu a kan haka. A dajin nan ne aka gano wani kwaɗo da ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai can, aka raɗa masa sunan ƙauyen Sagyimase a 2021. Abin da masu fafutukar ke nema shi ne a ɗaga Atewa daga gandun daji na yau da kullum zuwa gandun ƙasa irin Kakum da Mole, inda kariyar doka ta fi ƙarfi, kuɗin shiga kuma zai fito daga baƙi masu zuwa kallo maimakon daga haƙa.